Makunnin da Na Ɓoye wa Baba

Motata ta hannu ce, ta ga duniya kafin ta zo wurina, kuma abin da ya fi komai lafiya a jikinta shi ne rediyo. A lokacin, tsakiyar shekarun saba'in, ina koyarwa a firamare a Gaya, ina zaune a gidanmu a Balan. Tun ranar da na kawo ta Baba ya mai da ita majalisa. Da an idar da la'asar sai ya miƙo hannu in ba shi makulli, ya murɗa, ya buɗe ƙofofin, dattawan unguwa su shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya suna jin labarun duniya har a kira magariba. Da safe in na murɗa sai ta yi wani ɗan nishi ta yi shiru. Batirin tsoho ne, rediyo ya tsotse shi, sai na tara majiya ƙarfi sun tura ni suna yi mini tsiya.

Abin ya daina ba ni dariya da matata ta tafi goyon ciki gidansu a Toranke. Cikin fari ne. Yayata ta je dubo ta, ta dawo ta same ni a zaure, tana kallon bango ta ce ƙafafun matata sun kumbura, kuma malamin asibiti ya ce da zarar naƙuda ta fara a kai ta Kano, kada a tsaya a gida. Daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba. Ina gaban allo ina rubuta wa yara lissafi, zuciyata tana kan batir.

Yaran yanzu za su ce me ya hana ni gaya wa tsohon. A gidanmu ba a yin haka. Ɗa ba ya buɗe baki a gaban mahaifinsa ya ambaci cikin matarsa, balle na fari, ko sunanta ba na kamawa in yana wurin. In kuma ce masa ya daina jin rediyo, ba tare da na faɗi dalili ba, wannan ma ba ta faɗuwa. Sai na yi dabara, irin ta malaman makaranta masu ganin sun fi kowa wayo.

Ranar kasuwar Gaya na kai motar wurin wani mai wayarin mota a bayan tasha, na ce ina son abin da zai raba batir da mota gaba ɗaya, kuma a sa shi inda ido ba zai gani ba. Ya tono mini wani makunni mai kan tagulla da ya ciro daga matacciyar tarakta. Ya kwance wayar da ke tafiya daga batir zuwa jikin mota, ya kawo wata mai kauri kamar ɗan yatsa, ya huda ƙarfe a ƙarƙashin kujerar direba, ya bi da ita ta nan ya ɗaure notuna da sifana. Ya gargaɗe ni kada in kashe makunnin injin yana aiki. Yana goge hannu ya tambaye ni ko ɓarayi nake tsoro. Na ce e. Ya dubi motar sama da ƙasa ya ce ɓarawon da zai ɗauki wannan sai an haɗa masa da masu turi.

Da yamma Baba ya murɗa makulli, shiru. Ya sake murɗawa, ya ɗan bubbuga rediyon da tafin hannu, ya tambaye ni ko ya mutu ne. Na ce zan sa a duba. Dattawa suka naɗe tabarminsu da wuri, ni kuwa kunya da jin daɗi suka cakuɗe mini. Na cika tanki da mai, na koma zuwa makaranta a keke don kada ya ragu. Makullin ya zauna a aljihun Baba, kullum sai ya gwada ko Allah zai sa rediyon ya dawo. Ni ma kullum da asuba sai in laɓaɓa in kunna makunnin, in ga fitila ta kawo da ƙarfi, in kashe.

Duk lissafina ya tsaya a kan cewa in lokaci ya yi, ni za a aiko wa. Na manta surukai ba sa aika wa miji da zancen haihuwar fari. Babansa ake aika wa.

Wata Laraba ce a ƙarshen damina. Ɗan aike daga Toranke ya iso Balan da hantsi, ya faɗa wa Baba naƙuda ta fara. Shi kuma Baba, da irin kunyar da ta hana ni magana, bai ga dalilin ɗaga mini hankali ba. Ya kira maƙwabcinmu, tsohon direban babbar mota, ya ba shi makulli ya ce su je su kai matata Kano da kansu. Mota ta ƙi ko tari. Direban ya buɗe bonet, ya kankare kan batir da wuƙa, ya zuba masa ruwan zafi, bai lura da sabuwar wayar ba don mai wayarin ya shafe ta da baƙin mai kamar yadda na roƙa. Suka tura ta har bayan gari, suka dawo da ita, suka sake turawa. Sai da aka yi azahar Baba ya haƙura ya tura wani ɗan'uwanmu makaranta. Mutumin ya tsaya a bakin aji ya ce Baba na kira, mota ta ƙi tashi. Allin da ke hannuna ya faɗi, don na san abin da zai sa Baba ya nemi tayar da mota da rana tsaka.

Ban san yadda na taka keken nan ba. Na same su a gefen wata gonar gero, mutum kusan goma, duk sun jiƙe da gumi. Baba ya tuɓe babbar riga ya rataye a kara, taɓo har gwiwarsa, ashe har da shi a masu turi. Ban gai da kowa ba. Na durƙusa, na zura hannu ƙarƙashin kujera, na murɗa makunnin, na kama makulli. Bugu ɗaya ta tashi.

Direban ya dube ni ya kau da kai. Baba ya daɗe yana kallon hannuna, sannan ya ɗauko rigarsa ya sa, ya shiga gaba ya zauna.

A Toranke aka fito da matata a tabarma, ba ta gane kowa, mahaifiyarta ta rungume mata kai a kujerar baya. Hanyar duk kwari da ruwa. Ina jin numfashinta a bayana, in ya ɗauke sai in ji nawa ma ya ɗauke. Rana ta yi sanyi kafin mu shiga Kano.

Ita ta rayu. Yaron, namiji ne, ya zo ba rai. Ban taɓa tambayar wani likita ko sa'o'in nan da aka ɓata a gefen gona za su iya cetonsa ba, don ina tsoron amsar. Ungozomar asibitin ta fito ta same mu a baranda, ta ga Baba ne babba, ta gaishe shi ta yi masa ta'aziyya. Sannan a hankali ta ce, "Baba, an ce tun safe take fama. Me ya tsayar da ku?"

Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya riga ni.

"Motar ce ta ƙi tashi, 'yar nan," in ji shi. "Tsohuwa ce."

Bai dube ni ba, kuma har ya bar duniya bai taɓa tayar mini da zancen ba. Abin da aka gaya wa matata ke nan da ta farfaɗo. Mun haifi shida bayan wannan, mun tsufa tare, kuma har yau ban gyara mata maganar ba.