Sixten da Akwalar da Helge Ya Yarda Ya Shiga

Duk safiyar Asabar Sixten Halvarsson zai fito da tsohuwar motarsa Volvo, ya goge gilashi da hannun riga, ya nufi gidan tsofaffi na garinmu, Orsa. Ba wanda ya ɗauke shi aiki. Tsohon direban motar katako ne, daga baya kuwa mutanen da mantuwa ta raba da sunayen 'ya'yansu yake ɗauka. Ya zaga da su bakin tafki, su sha kofi da burodin kirfa, ya maido su. Shekara da shekaru yana haka.

Motar fa ba abin a zo a gani ba ce. Sai ta yi tari kafin ta tashi, ga warin fetur, taga kuma da hannu ake murɗa ta.

Ma'aikatan gidan har yau suna ba da labarin ranar jana'izar Majken. Mijinta Helge yana gidan, ya daɗe bai gane kowa ba. Ɗansu Torbjörn ya zo daga Stockholm don ya kai shi coci a motarsa ta zamani: kujera mai ɗumi, ƙofa mai rufe kanta, tafiya kuwa ko ƙara babu. Mota ce ta kece raini, ba zan rage mata komai ba. Amma Helge na leƙawa ya ga allo yana haske, ya ji murya ba mai ita, sai ya ƙanƙame ƙarfen ƙofar gidan.

"Ba na shiga. Wane ne wannan mutumin?"

"Baba, ni ne. Mama za mu raka."

"Ku ce ya tafi."

Lokaci na ƙurewa, za a binne matar Helge ba shi a wurin. Torbjörn ya juya baya yana share hawaye. Wata ma'aikaciya ta kira Sixten, ya iso a tsohuwar motarsa, da takalmin lambu a ƙafarsa.

"Helge, tsohon rigima," in ji shi, "zo ka ji yadda akwalar nan take tari."

Helge ya saki ƙarfen. Ya shafa jikin motar, ya shiga gaba, hannunsa ya lalubo mariƙin taga ba wanda ya nuna masa. Sai Sixten ya miƙa wa Torbjörn mukulli, shi ya koma kujerar baya.

Torbjörn ya daɗe rabonsa da mota mai giyar hannu. Motar ta zabura, giya ta yi ƙara. Helge ya harare shi.

"Torbjörn, taka kuloci sosai mana. Sau nawa zan faɗa maka?"

Da wannan faɗan suka isa coci, ɗan yana kuka yana dariya.

Sixten, kai ne mai zama a baya. Da wani ne, da ya riƙe sitiyari ya kwashi godiya. Kai kuwa ka gane cewa uban nan ɗansa yake bukata a gefensa. Wallahi duk lokacin da na tuna, sai idona ya cika. Mun gode maka.

Bana likita ya hana Sixten tuƙi, idanu sun yi rauni. Tsofaffin kuwa har yanzu suna zama bakin taga ran Asabar. Ku da kuka lulluɓe tsofaffin motoci da tamfol sai ranar baje koli, ku yaye su mana, ku zo ku zaga da tsofaffin nan. Wanda ba shi da ita, ta Sixten tana nan da mukulli a jiki. Ya ce a zo a ɗauke shi kawai, shi ya san kujerarsa.