Ranar da Preben Ya Kawo Kek

Preben Vestergaard ɗan masunci ne daga garin Hirtshals, amma da ya hau jirgin ruwa sai amai, shi ya sa mahaifinsa ya haƙura ya bar shi ya koyi gyaran waya. Daga nan ya gangaro cibiyar kwamfuta ta jami'armu, tun zamanin da na'ura ɗaya ke cika ɗaki. Lokacin da aka ɗauke ni aiki aka ba ni tebur kusa da nasa, kansa ya riga ya yi fari.

Shi ke riƙe da rumbun bayanan da ke ɗauke da sunan kowace kwamfuta, da adireshinta, da inda wasiƙun imel na kowa za su sauka. Ana shiga ne ta wata manhaja mai baƙin allo da koren rubutu. Ta jero maka zaɓi, ka danna lamba, ta jero wani. Manyan na'urorin duk shi ya raɗa musu suna, kuma duk na kifi ne: Sild, Makrel, Torsk.

Mu sai mun karanta muke dannawa. Shi kuwa yatsunsa kan riga allon, idonsa na kan taga.

"Tsoho, wai kai ba ka kallon allo ne?" in ji Troels, mai rubuta mana manhaja.

"In kalli me? Na fi sanin fuskarsa a kan ta matata."

Muka ɗauka tsabar gwaninta ce. Ni dai na lura yana cewa a karanta masa saƙo wai hannunsa da maiƙo, kuma ya daina zuwa da keke.

Sai Troels ya ƙara wani sabon zaɓi a saman jerin, lambobin suka matsa ƙasa. Huɗu, wadda a da take nufin gyara, ta koma gogewa. Ya sa sanarwa da manyan haruffa a shafin farko, ta kwana biyu a wurin, kowa ya gani.

Da safiyar wata Laraba Preben ya zo yi wa Torsk ɗan gyara. Ita ce ke raba wasiƙun dukan tsangayar kimiyya. Ya danna huɗu, manhajar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce e. Kafin azahar waya ta hana mu sakat. Wasiƙun kowa na komawa inda suka fito, ga shi makon da malamai ke aika takardun neman tallafin bincike ne.

Preben ya matsa fuskarsa har hancinsa na neman taɓa gilashin. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Rikke, zo ki karanta mini layin nan."

Na karanta. Kunnuwansa suka yi ja wur. Na sunkuyar da kai kamar na shigo wa mutum yana canza kaya. Muka dawo da Torsk daga ajiyar jiya, ni ina karantawa shi yana dannawa, ba wanda ya kalli wani.

A wurinmu duk wanda ya tafka shirme sai ya kawo kek ranar Juma'a, ya tashi tsaye ya faɗi abin da ya yi. Preben ya ci na kowa, bai taɓa kawo nasa ba. Juma'ar nan ɗakin shan kofi ya cika, har da masu shara. Gudrun matarsa ta gasa masa mai kwakwa da sukari a sama.

"Yau dai masunci ya nutsar da kifinsa!" Troels ya buga tebur. "Mu ji, ranka ya daɗe. Ko mu haɗa maka kuɗin tabarau?"

Aka kwashe da dariya. Preben na tsaye riƙe da wuƙa, bai yanka ba. Da ya ce sauri ne, da an ci kek an watse. Ya juyo wajen da nake, sannan ya ajiye wuƙar.

"Tabarau ba ya yi masa magani. Likita ya gaya mini tun bara. Tsakiyar abin da nake kallo ba na gani, sai gefe. Sanarwarka ban gan ta ba, Troels."

Troels ya ajiye kofinsa a hankali. Wani ya yi tari. Jytte shugabarmu ta ɗauki wuƙar ta fara yankawa.

"Shekara guda kana taɓa rumbun nan da ka?" ta tambaye shi.

"E."

"To ka ji. Ko ka ajiye aikin, ko daga yau ba ka sake cewa e ga komai sai wani ya karanta maka. Zaɓi ɗaya."

Aka miƙa wa Preben farantinsa, ya karɓa ya zauna.

Ranar Litinin na tarar ya riga kowa zuwa. Ya jawo kujerata gefen tasa, ya ɗora hannuwa a cinya, yana jira in rataye kwat ɗina.