Kifi a Ɗakin Jego

Haihuwata ta fari ba ta zo da rai ba. Na sha doguwar naƙuda a Tambuwal, na zubar da jini har ban san inda kaina yake ba. Da na ɗan samu ƙarfi, Inna mahaifiyata ta tattara ni ta kai ni gida Kebbe, domin a wurinta ko da ɗa ko babu ɗa, jikin da ya haihu sai ya sha ruwan zafi. Safe da yamma tukunya na tafasa, ga ganyen darbejiya, ga kunun kanwa. Mata su shigo su ce Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya kawo rayayye. In ce amin, in juya fuskata bango.

Abin da ya fi tada wa Inna hankali shi ne na daina yi wa mijina magana. Malamin firamare ne, Malam nake ce masa. Duk Asabar zai hawo babur daga Tambuwal, ya zauna kan tabarma a ƙofar ɗaki, ya yi mini sannu, in yi masa shiru. Bai yi mini laifin komai ba. Kawai ba na iya duban fuskarsa. Na kuma faɗa wa Inna cewa ko an yi arba'in ba inda za ni, ba zan koma wancan ɗakin ba. Ta san halina tun ina ƙarama, in na kafe ba mai tanƙwara ni, don haka ta shiga damuwa ƙwarai.

Wata Asabar sai ga Malam a motar haya, rungume da wani akwatin gilashi, da leda cike da ruwa. Ya nemi izini ya shigo, ya ɗora akwatin kan teburi kusa da taga, ya zuba tsakuwa da ciyawar ruwa, ya cika shi. Cikin ledar wasu 'yan kifaye ne da ba su kai ɗan yatsa ba, masu jela ja da shuɗi.

Inna ta ce, "Mi an nan?"

Ya ce, "Kifi na, Inna. Sakkwato na samo su."

"Na miya?"

"A'a, na kallo."

Ranar na fara buɗe masa baki. Na ce, "Malam, ɗa na rasa, ba kifi ba."

Ya sunkuyar da kai. Sai ya juya ga Inna yana yi mata bayani a hankali. Abincinsu na cikin ɗan gwangwani, a tsakuro kaɗan da yatsa biyu sau ɗaya a yini. Kada sabulu ya taɓa gilashin. In za a sake ruwa, kada a zubar da shi duka, a kwashe kaɗan a cika da wanda ya kwana a bokiti. Ni kuwa ina kwance na ba su baya.

To, Inna mace ce da ta tashi cikin awaki da kaji, kuma a wurinta dabbar da ka tsare amana ce, in ta kwana da yunwa sai Allah ya tambaye ka. Ta dubi abin da yatsa biyu ke ɗauka, ta ce wagga ai rowa ce. Ta fara ƙara musu tsakin kaji. Daga tsaki ta koma burbushin tuwo, ran nan har da 'yar fura. Ruwan ya koma kamar na wanke-wanke. Da ta ga haka sai tsaftarta ta motsa. Ta kwashe kifayen a kwano, ta goge gilashin da soso da sabulu yadda take wanke randa, ta jawo ruwa daga rijiya ta cika shi nan take. Washegari biyu daga cikinsu suna yawo a sama, ciki a birkice.

Haushi ne ya tashe ni daga gadon nan, ba ƙarfin hali ba. Na ce, "Inna, ba ya ce kada a sa sabulu ba? Ba ya ce ruwan da ya kwana ba?"

Tana riƙe da matattun a ludayi, idonta ya ciko, amma bakinta bai mutu ba. Ta ce, "Au, ashe kina ji? To tashi ki yi, tunda ke ka da ilimin kifi."

Na tashi kuwa. Sai dai ban san ta inda zan fara ba, kuma mutum ɗaya ne zan iya tambaya. Na ɗauki waya na kira Malam, ko gaisuwa babu. Na ce sauran suna haki a saman ruwa, me zan yi? Ya kira mai kifin a Sakkwato, ya sake kirana ya faɗa mini. Haka hirarmu ta dawo, hirar kifi zalla. Ruwa ya yi kore. Ɗaya ba ya cin abinci. Rana na dukan gilashin da azahar, in matsar da shi? Shi kuma bai taɓa sako wata magana daban ba, sai abin da na tambaya.

Na koyi jan ruwa in ajiye shi ya kwana, in kwashe kaɗan da moɗa in mayar da sabo a hankali. Na koyi jiƙa tsohon zane in lulluɓe gefen gilashin in zafi ya yi yawa. Na hana kowa ba su abinci, har matan da ke zuwa duba ni, don kowacce sai ta so ta jefa musu wani abu. In na fito daga wanka jikina na turiri, sai in zauna gabansu in yi ta kallo. Ba su san abin da ya same ni ba, ba sa ba ni haƙuri, kuma wannan ya yi mini daɗi.

Yau a Tambuwal akwatunan kifi biyu ne a ɗakina, kuma duk lokacin da na tsakuro musu abinci sai na gode wa Allah, na gode wa mutumin nan da na yi wa baƙar magana bai rama ba. Na gode wa Inna ma, da furarta da sabulunta, Allah ya saka mata da alheri.

A can Kebbe, cikin kifayen da suka tsira akwai wata toka-toka, ba ta da kyan jela. Cikinta ya yi ta kumbura. Na tsare Inna na ce ta koma ba su tuwo a ɓoye. Ta rantse ba ta yi ba, har ta yi fushi da ni. Wata safiya ina zaune sai na ga wani abu ya faɗo daga jikin kifin nan, bai kai ƙwayar shinkafa ba, amma yana da ido biyu. Ya nutse, ya motsa, ya yi iyo. Sai ga wani ya biyo shi.

Na kira Inna. Ta leƙa ta ce, "Kifi ai ƙwai shi ka yi."

Na ce, "To wagga haihuwa ta ka yi, duba da kyau."

Muna cikin haka wani babba ya zo ya haɗiye ɗaya a gaban idona. Ban san sanda na wawuro rariyar shayi ba. Na tsoma hannu har gwiwar hannu, ina kamo su ina zubawa a kwanon sha da ruwan akwatin, ina zagin manyan kamar suna ji. Zanena ya jiƙe sharkaf. Da na tabbata babu saura, na zauna a ƙasa da kwanon a cinyata, sai kuka ya zo mini, irin wanda ban yi ba tun da abin ya faru. Inna ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta zauna kusa da ni har na gama.

Da na samu murya na kira Malam na ce, "Ta haifu." Ya ce yana nan tafe. Ranar aiki ce, amma kafin la'asar na ji ƙarar babur ɗinsa. Ya tsaya a ƙofa ya dubi idona da ya kumbura.

Ya ce, "Wallahi ban san suna haifuwa ba. In abin na tada maki hankali, bari in ɗauke su."

Na ce, "Taɓa su ka gani. Shigo ka zauna."

Inna ta ce za ta duba awaki, ta fita. Muka duƙa kan kwanon, 'yan kifayen nan suna ta kai da kawo. Mun daɗe haka. Sannan na yi tambayar da ta daɗe tana ci na, don lokacin da aka kai ɗana makwancinsa ban farfaɗo ba.

"Kai ka gan shi. Da wa yay yi kama?"

Malam ya share fuska da hannun rigarsa. Ya ce, "Da ke. Ni na ɗauke shi. Gashi cike da kai, ya tsuke baki awa za shi yi faɗa."

Na yi dariya, hawaye na zuba. Shi ma haka.

Na ce, "Bahon wankan da na saya mishi, yana nan?"

"Yana nan. Na tura shi ƙarƙashin gado, don kada ki gani."

Na dubi kwanon da ke cinyata. Na ce, "In ka koma, hiddo shi ka ɗauraye. Wanga kwano ya yi musu kaɗan. Kuma ka samo mota ranar da za ka zo ɗaukarmu, ba su iya jure babur."