Shanun Ardo a Filin Eriya

Har gobe ban manta da ranar da Malama Hadiza ta ajiye mini littafin aikina a kan tebur ta ce in taimaka mata mu duba ba. Wata Litinin ce cikin damina, a tasharmu ta rada, wato na'urar binciken sama, da ke hanyar Tagwai.

Don waɗanda ba su san aikin ba: can sama, kimanin kilomita ɗari, akwai sashen iska mai ɗauke da lantarki, wanda ke yamutsewa da rana tsaka har ya dagula saƙonnin rediyo. Na'urarmu takan harba saƙo sama, ta saurari abin da ya dawo, masana su karanta yamutsin. Eriyar kuwa wayoyi ne a jere bisa gajerun sanduna, daidai ƙirjin mutum, cikin fili mai shinge. Ni ne babban mai kula da na'urori. Aikina in duba janareta, in tabbatar ciyawa ba ta taɓa waya ba, in rubuta duk abin da ya faru a littafi, awa bayan awa.

Ranar Juma'a kowa yakan tafi masallaci, a bar ni, Bitrus, da tasha. A nan muka shirya da Ardo Buba, wanda rugarsa ke bayan shingenmu. Shi yana son zuwa Juma'a ba shi da inda zai bar shanu, ni ina da ciyawa da ciwon baya. Ƙarfe ɗaya in buɗe ƙofa, ƙarfe biyu da rabi ya dawo ya kora abinsa. Ciyawa ta kwanta, wani lokaci har da ƙwaryar nono. A littafi kuwa in rubuta: komai lafiya. A ganina ba ƙarya ba ce, don lafiya lau shanun suke.

Malama Hadiza digiri na uku take yi, kuma bayanan shekara biyu na tashar nan su ne jarinta. Sai ta lura duk Juma'a da azahar amon da ke dawowa yakan raunana ya karkace. Direbanmu ya ce ai ba mamaki, sama ma tana zuwa masallaci. Ita ba ta yi dariya ba. Ta binciki janareta, ta binciki gidajen rediyo masu yaɗa huɗuba, ta sake lissafinta tun daga tushe. Wata uku tana wannan, har ta rame. Ƙarshe Farfesa mai duba aikin digirinta ya ce muddin ba a gano dalili ba, na'urar ce ba abin yarda ba, kuma duk bayanan sai kwandon shara. Ya ba ta mako biyu.

Ni fa tun watan farko jikina ya ba ni. Saniya ruwa ce da nama, abin da kan karkatar da saƙon rediyo, ga su da dama ƙarƙashin waya, wasu suna sosa wuya a jikin sanduna. Amma saura mini shekara ɗaya in yi ritaya, kuma shigar da dabba filin eriya laifin kora ne. Na yi gum.

Ranar Litinin ɗin ta zauna tana buɗa shafuka tana bin rubutuna da yatsa.

"Baba Bitrus, ko iska mai ƙarfi ba ka tuna ba? Ko wani abu ƙarami da ka ga bai kai a rubuta ba?"

Na ce, "Ba ƙarami ba ne, Malama. Shanu ne."

Ta ɗago kai. "Shanu?"

"Na Ardo. Duk Juma'a."

Na jira faɗa, ban samu ba. Sai ta ce, "Wata uku ina zargin kaina, na zargi na'ura, na zargi Farfesa. Littafinka kaɗai ne ban taɓa zargi ba."

Na sha zagi a wurin aiki, amma ba wanda ya taɓa shiga jikina kamar wannan. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa idona.

Juma'ar da ta biyo aka yi gwaji gaban Farfesa bayan an sauko. Aka shigar da shanu, amo ya karkace. Aka fitar da su, ya daidaita. Ardo yana tsaye da sandarsa ya ce, "Wallahi shanuna ba su san karatu suke ɓatawa ba." Aka cire bayanan Juma'o'in, sauran suka tsira, ta kammala digirinta. Ni aka ba ni takardar gargaɗi da sabuwar adda. Daga baya na ji ita ta roƙa kada a kore ni.

To, ku da kuka shigo aikin yanzu, masanin da ke kallon sama ba ya ganin abin da ke ƙasa, da idonku yake gani. Abin da ya faru shi za ku rubuta, ko da ku ne kuka jawo shi. Ranar da na yi ritaya Dokta Hadiza ta kawo mini kyautar sabon littafi, ta ja layuka da hannunta: lokaci, yanayi, janareta. Layi na huɗu ta rubuta masa shanu.