Kaset Ɗin Yaya da Matattun Pil

Tun da idanun yayana suka rufe, ya baro Barmu ya dawo Tawa gidan babban ɗansa, tsofaffin abokansa na Barmu da suka riga shi zuwa Tawa suka mai da ƙofar gidan wurin zamansu. Kullum bayan la'asar za ka same su a kan tabarma, kowa da carbi a hannu, ana shan shayi ana zagin zamani. Geron da ya fi na yanzu auki, ruwan saman da ya fi jiƙa ƙasa, hatta albasar da wai ta fi sa hawaye. In hira ta yi nisa kuma sai ta faɗa inda ta saba faɗawa, wato kan wani orkes, ƙungiyar makaɗan zamani, da aka yi a garin nan lokacin muna matasa. Daga nan sai a ce kiɗa ya mutu, yaran yanzu ba su iya komai ba sai latsa na'ura da tsalle. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, na sani, amma waɗannan tsofaffi har shekaranjiya ma ba su yafe wa ba.

Ba zan kama sunan orkes ɗin ba, don da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, kuma ina haɗuwa da jikokinsu wurin biki. Amma ni dai na gan su da idona, abin da ko mutum ɗaya a kan tabarmar nan bai taɓa yi ba. Ina 'yar kwaleji a Tawa aka kwashe mu aka jera a rana don mu tafa wa wani babban baƙo, su kuma aka ɗora su kan dakali. Wanduna masu faɗin ƙafa suna sharar ƙasa, takalma masu tudu, gashi an tara shi a ka kamar kwando. Kiɗan kwaikwayo ne tsantsa, an ɗebo na bakin teku an zuba masa Hausa a kai. Mai ƙaho yana busa tasa, mai gita yana tasa, kuma duk suna sauri kamar motar Ƙonni za ta tashi ta bar su. Mai kalangu ne kaɗai ya san abin da yake yi, shi ne kuma suka tura can baya don kada ya ɓata musu wayewa. Waƙoƙin kuwa, in ba a ce mu dasa itace ba, to an ce mu haɗa kai, sai guda ɗaya ta soyayya wadda aka yi ta maimaita kalma biyu har rana ta karkata. Mawaƙin nasu yana da 'yar siririyar murya irin ta ɗan akuyar da kansa ya maƙale a danga. Na tafa, don malami yana bayanmu da tsumagiya.

Yayana bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. Shi noma ya yi, da rani kuma ya tafi bida, wato neman kuɗi, Abijan kamar sauran samarin Adar. A wata dawowa ya zo da radiyo mai kaset, babba, mai hannu kamar akwati, ya biyo ta kasuwar Tawa ya sayi kaset ɗin orkes ɗin nan, wanda shi ne guda ɗayan da suka taɓa fitarwa. Daga ranar samarin unguwarmu suka tashi daga gindin itacen bedi suka koma zauren gidanmu.

To, a Barmu ta wancan lokacin ina aka ga kuran, wato wutar lantarki? Radiyon pil yake ci, wato batir manya, kuma cinsa ya fi na ɗan maraƙi. Sabon pil kuwa ba na samari ba ne. Sabo sai tocilar Baba, in haskenta ya fara ja a ba ƙaramin radiyonsa na jin labarai, in shi ma ya fara shaƙewa sannan a miƙo wa Yaya. Abokansa ma haka, kowa ya tattaro ragowar gidansu. Ni ce nake shanya su in na zo hutu. In jera su a kan katanga rana ta gasa su, in juya su kamar mai suyar ƙosai, wanda ya yi taurin kai in ɗan cije shi ko in ƙwanƙwasa masa dutse. Da haka suke samun ɗan ran da zai ja kaset, amma a hankali, da ƙyar, kamar jaki a cikin yashi. Sai ɗan akuyan nan ya koma bijimi. Gitar da ke tsalle-tsalle ta koma kuka mai nauyi, gangar ta dinga faɗowa ɗaya bayan ɗaya kamar taɓarya a turmi. A cikin samarin wani ya sunkuyar da kai, wani ya tuna yarinyar da ya bari ya tafi bida.

Na taɓa faɗa masa sau ɗaya. Na ce Yaya, wallahi ba haka mutanen nan suke ba, pil ɗinka ne suka mutu. Zauren ya fashe da dariya. Ya ce 'yar lakwal ta zo da nasaranci, an koya mata karatu an toshe mata kunne. Na ce gani ya kori ji, ya ce ba a kiɗa ba. Daga nan muka ɗauki gardamar nan muka riƙe ta kamar gado. Na yi aure, na koyar a lakwal har na tsufa na aje alli, shi ya zama Alhaji mai jikoki, amma ko a wurin suna muka haɗu sai ya tsokane ni da muryar mawaƙinsa, ni kuma in yi masa kukan akuya. Radiyon ya daɗe da mutuwa, kaset ɗin kuma yana ƙasan adakarsa tare da hular aurensa.

Bayan idanun sun tafi ne ya fara neman abin saurare. Ɗansa, wanda direban babbar mota ne kuma mutum ne mai son faranta wa uba, ya yi ta yawo wurin masu gyara har ya samo tsohon radiyo mai kaset wanda ke aiki. Aka sa rana, aka gayyato 'yan tabarma, har ni aka aiko wa, wai in zo in ji kunya. Na yafa mayafina na tafi, na zauna daga bakin zaure inda zan ga fuskar kowa.

Ɗan ya jona radiyon a kuran, ya danna. Sai ga ɗan akuyana ya fito tsaf, yadda na bar shi a kan dakali, yana ta sauri yana cewa mu dasa itace.

Abin da ya biyo baya shi ne ya ƙara mini raina tsofaffin nan. Mutanen da suka kwashe samartakarsu a zaurenmu suna jin bijimi, yanzu ga akuya tana kuka a gabansu, amma sai suka hau gyaɗa kai. Wani ya ce Allahu Akbar, duniya, wani yana kaɗa babban ɗan yatsan ƙafa a ƙarƙashin riga don kada a ga Alhaji yana rawa. Ashe ba kiɗan suke tunawa ba, ba su ma taɓa saurarensa ba. Gashin kansu suke tunawa da haƙoransu. Da an sa musu kukan injin niƙa aka ce orkes ne, haka za su gyaɗa kai su ce yaran yanzu ba za su iya ba.

Yaya kaɗai ne bai motsa ba. Ya karkata kunne, ya ɗaure fuska, can ya ce a kashe.

"Wanga ba su ba ne," ya ce.

Aka ce haba Alhaji, su ne mana. Ɗansa ya ciro kaset ɗin ya sa masa a hannu, Yaya ya shafa ya ji tsagin da ke gefe da tabon da wutar taba ta yi masa tun a Barmu. Kaset nasa ne, bai musa ba. Aka mayar, aka sake dannawa, ya sake cewa ba su ba ne. Sai na ga 'yan tabarma suna kallon juna, ɗaya ya taɓa gefen kansa da yatsa, ya san Yaya ba zai gani ba. Kafin sati ya zagayo magana ta bazu a unguwa cewa bayan ido, kan Alhaji ma ya fara taɓuwa. Matan gida suka fara yi masa magana da ƙarfi a hankali kamar yaro. Ɗan ya fara tambayar ko akwai likitan da ke duba mantuwa.

Da na koma gaishe shi da hantsi na tarar da shi shi kaɗai a ɗaki, furar da aka kawo masa tana gefe ƙudaje na bi. Bai tsokane ni ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun muna yara. Ya sa na matso, ya rage murya. Ya ce shi abin da ya rage masa a duniya shi ne abin da ke cikin kansa: fuskar Inna, hanyar gonarmu, yadda zaure yake in an kunna fitila. Ya ce yana jin muryar mawaƙin nan a kunnensa kamar jiya, mai kauri, mai sanyi.

"In wannan ƙarya ce kaina ya yi mini," ya ce, "to fuskar Inna fa? Ke ma kin ji su a zaure. Gaya mini gaskiya, ƙanwata, na ruɗe ne?"

Ga nasarar da na jira tun ina budurwa an aje mini a faranti. Abin da zan ce kawai shi ne, ai na gaya maka. In ce bijiminka talaucinmu ne, orkes ɗinka bai taɓa wanzuwa ba sai a cikin ragowar pil ɗin Baba. Gaskiya ce, kuma za ta wanke shi daga zargin ruɗewa, amma ta bar shi da me? Makahon da ya gano cewa abin da ya fi so a samartakarsa kuskuren na'ura ne, a bakin ƙanwar da ta daɗe tana yi masa kukan akuya. Na ji tausayinsa. Na ce ya sha furarsa, zan dawo.

Neman mataccen pil a Tawa ta yau ba ƙaramin aiki ba ne, don kowa ya koma tocilar da ake cajawa da rana. Na sayi sababbi, ranar kasuwa na nufi wajen masu dabbobi, inda makiyayan da ke gangarowa daga wajen Takanamat suke rataye da radiyonsu a kafaɗa. Na ce ina musanya sabo da tsoho. Suka yi ta dubana, wani ya tambayi abokinsa da harshensu na Tamashek, na tabbata cewa ya yi ko tsohuwar nan lafiya take. Amma wa zai ƙi? Na dawo gida da ƙullin pil a bakin zane, na jera su a kan katanga, maƙwabciyata tana leƙe tana zaton wani asiri nake haɗawa. Haƙoran cizo sun ƙare, sai na yi da dutse. Hannuna bai manta ba.

Na zaɓi lokacin da 'yan tabarma ba su zo ba, don ba su cancanci ji ba. Na ce wa ɗan ya zare wayar kuran. Ya ce Gwaggo ai ba zai yi ba, na ce tun ba a haife ka ba nake wannan aiki, matsa. Na cusa pil ɗin, na rufe, na danna.

Kaset ya ja da ƙyar. Ganga ta faɗo, ta jira, ta sake faɗowa. Sai muryar ta taso daga ƙasa, mai kauri, tana jan kalma biyun nan na waƙar soyayya kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Ni dai har gobe ina nan kan bakana: orkes ɗin banza ne, ba su bar wa kowa gadon komai ba sai wanduna, kuma yaran da ake zagi da latsa na'ura sun fi su sanin inda za su sa murya. Amma abin da ya fito daga radiyon nan ba nasu ba ne, namu ne, mu muka yi shi da ranar Barmu da ragowar tocilar Baba.

Yaya ya miƙe zaune. Leɓensa ya fara bin waƙar, ruwa yana gangarowa daga idanun da ba su gani. Ɗansa ya fita waje, ya kasa tsayawa.

"Kin ji ko?" ya ce. "Kin ji murya, 'yar lakwal?"

Na ce na ji.

Muka zauna har pil ɗin suka ƙarasa mutuwa, muryar ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta tsaya a tsakiyar kalma. Na tashi ina tattara mayafina, ina jin daɗin cewa bai gane komai ba. Har na kai bakin ƙofa ya kira ni. Ya laluba bayan radiyon, ya buɗe, ya zazzage pil ɗin a cinyarsa, ya shafa guda ya ji inda dutse ya lotsa shi. Ya daɗe yana juya shi a hannu, sannan ya miƙo mini su duka.

"Gobe ki ƙara shanya su," ya ce. "Amma kada ki gaya wa mutanen tabarma."