Makwancin da Baba Ya Nuna Min

Bakina ne ya jawo, kuma ba ranar ya fara ba. Tun ina yaro Inna take cewa ko a tulu aka rufe ni sai na yi magana ta wuyansa. Amma abin da bakin nan ya yi wa mahaifina a Makka, har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Ina shekara ta shida da fara karatu a garin, ni da iyalina muna haya a hawa na uku a wani gida a unguwar Hindawiyya, aka samo wa Baba bizar ziyara. Inna ta rasu da daminar da ta wuce, aka aiko min cewa tsoho ko ƙofar gida ya daina fita. Na ce a turo min shi, ai Makka maganin kowane baƙin ciki ce.

Baba maharbi ne. Shekara arba'in yana bin nama a dazukan ƙasar Ningi, har gwiwa ta ƙi, ya rataye bindiga. Sati biyun farko lafiya lau, daga ɗawafi sai kuka sai zamzam. Yakan tsaya yana kallon tattabarun Harami suna yawo tsakanin ƙafafun mutane, ya girgiza kai ya ce, "Ka ga garin da tsuntsu bai san tsoro ba." Daga nan gwiwar ta hana shi zuwa kullum, sai zaman ɗaki. Mutumin da ya saba da sarari ga shi tsakanin bene da bene, na'urar sanyi tana hura masa ƙashi. Ya rame, ya daina hira, ya koma zaman bakin taga yana kallon bangon maƙwabta.

Wata rana ya ce, "Malam." Haka yake kirana tun da na kama karatu, rabi girmamawa rabi tsokana. "Garin nan ba shi da daji ne? Ko ƙasa in ɗan shaƙa."

Ranar Asabar bayan sallar asuba na ari motar wani abokina, muka ɗauki hanyar Ɗa'ifa. Muka wuce alamun iyakar Harami, na karya kan wani burtali, muka shiga wani kwari tsakanin baƙaƙen duwatsu. Ni ban ga komai ba sai tsakuwa da ƙaya da 'yan magaryoyi. Baba kuwa yana sauka ya zama wani mutum. Sandar da yake dogarawa da ita ta koma abin nuni.

Ba mu yi nisa ba ya tsuguna a kan wani ɗan tulin kashi, ƙanana baƙaƙe. Na ce na akuya ne.

"Akuya!" in ji shi. "Shekara shida kana karatu, ashe ba a zo nan ba tukuna. Akuya tana tafe tana zubarwa, ba ta da kunya. Wannan wuri ɗaya yake zuwa kullum, sabo a kan tsoho. Namijin barewa ne, yana gaya wa duniya nan gidansa ne."

Ya nuna min sawu a wani ɗan rairayi. Bakin kofaton ya dakushe, tsakiyarsa ta buɗe, ya ce tsoho ne mai nauyi. Ya nuna min magaryar da aka goge wa ɓawo da ƙaho. Sannan ya ɗebi ƙura ya sake ta a hankali, ya ga inda iska ta kai ta, ya ɗaga kai yana bin jikin dutsen da ido.

"Mata da 'ya'ya a fili suke kwanciya, a tare, ido da yawa," ya ce. "Saurayi kuwa wawa ne, inda ya gaji nan zai zube. Tsoho shi kaɗai yake kwanciya. Ba ya kwanciya a gindin dutse, ba ya hawa ƙololuwa, sai a kafaɗa. Iska ta zo masa ta baya ta kawo masa labarin abin da ba ya gani, gaba kuma ido ya tsare. Kuma ba zai yarda da ɗaki mai ƙofa ɗaya ba. Ka ga can, inda dutsen nan ya yi rumfa? In makwancinsa ba ya can, ka canza min suna."

Muka hau har wani faffaɗan dutse mai kamar tabarma. A nan ya tsai da ni. "Kai iyakarka nan. Turaren nan naka ko jaki zai kora." Ya tuɓe takalmi, ya zaga ta ƙasan iska, mutumin da nake riƙe wa hannu a matakalar gida. Da ya dawo, da wani ɗan gashi ja tsakanin yatsunsa, fuskarsa tana ƙyalli. Ya ce wurin kamar faifai yake, an share tsakuwar da kofato, ga hanya ta hagu ga ta dama.

Muka zauna a bayan dutsen. Da hantsi ya yi sai ga shi. Ya taho a hankali, ya tsaya, ya shinshina, ya ƙara taku uku, ya sake tsayawa. Ƙahonsa na dama ya ɗan guntule a baki. Ya juya sau ɗaya a cikin rumfar ya kwanta, fuskarsa tana kallon kwari, daidai yadda aka faɗa min. Na ji Baba yana raɗa, "Sannu da zuwa, dattijo."

A mota ya ja min kunne. Ya ce, "A gidanmu ba a harbin nama a makwanci. Ana neman makwanci ne don a san hanyarsa, a tare shi a tsaye da ƙafarsa, in Allah ya ba shi sa'a ya tsira. Mai harbin na kwance ɓarawo ne, ko da bindigarsa ta zinariya ce. Kuma ba a nuna wa mai bindiga. Na nuna maka ne don kai ɗana ne."

Na ce, "Haba Baba, wa zan gaya wa?"

Daga ranar kowace Asabar sai mun je. Mu zauna a dutsen tabarma, mu ga dattijo ya shigo, mu dawo. Baba ya koma cin abinci har da neman ƙari, ya koma hira. Yakan ce da dabbar nan tana da malami da ta matsa cikin Harami inda ba a farauta ta huta, tafiyar awa ɗaya ce. Matata ta ce wannan barewa ta fi asibiti.

To, mai gidan da muke haya Bahaushe ne haifaffen Makka, kakansa ne ya zo da ƙafa. Hausarsa rabi Larabci ce. Ba mugun mutum ba ne, in faɗi gaskiya, shi ya yi ta zirga-zirga aka tsawaita wa Baba biza ba tare da na roƙe shi ba. Amma akwai shi da tsokana, ni kuma ba na ɗaukar raini. Wata Juma'a bayan an sauko ya gayyace mu cin shinkafa da rago a gidan shaƙatawarsa na bayan gari. Baba bai je ba saboda gwiwa. Ana cikin ci, a gaban mutane wajen goma, ya ce, "Ya shaikh, jiya ammi, babanka, ya ba ni labarin ɓauna da zaki. Wallahi tsofaffin Najeriya, kowa ya kashe zaki! Kakana ma haka yake cewa." Aka fashe da dariya.

Raina ya ɓaci, kaina ya yi zafi. Na ce, "Alhaji, mahaifina ba ya ƙarya. Cikin awa ɗaya ya gano makwancin namijin barewa a bayan garinku. Ku da aka haife ku a nan ba ku ma san da shi ba."

Alhaji ya ajiye lomarsa. "Barewa? A nan? Mustahil! Sai na gani da idona. Hoto kawai zan ɗauka, wallahi, hoto bas."

Kada in yi wa kaina ado. Akwai bindiga rataye a bangon ɗakin, daidai saitin kansa, kuma na gan ta. Na kuma tuna maganar Baba a lokacin, ba daga baya ba. So nake dai mutanen nan su haɗiye dariyarsu.

Ranar Talata da la'asar, lokacin da na san dattijo ya fita kiwo, na kai shi. Na nuna masa tulin kashi, na nuna masa magarya. Da muka iso dutsen tabarma ko tsayawa ban yi ba, na tsallake, na je har cikin rumfar na tsaya a bakin makwancin. Ina ta zuba karatun Baba kamar nawa, iska ta baya, ido ta gaba, ƙofa biyu, har da lokacin da yake shigowa. Alhaji yana ta cewa masha Allah, ni kuwa ina jin kaina a sama.

Ranar Alhamis muka haɗu a matakala. Ya miƙo min waya yana dariya. "Mabruk, ya shaikh! Ammi ustazu ne!" Na duba. Kan dattijo ne a kan murfin mota, ga ƙahon dama da ya guntule.

Na ce, "Alhaji, ka ce hoto!"

"Khalas, wajen Harami ne, halal ne. Kada dai ka faɗa a waje, hukuma ta hana. In aiko muku da cinya?"

Na so in zage shi tas. To in zage shi in ce me? Wa ya kai shi? Na hau bene, na tarar da Baba yana ba matata labarin yadda tsohon namiji yake canza makwanci in sanyi ya shigo.

Asabar ta zo na ce mota ta lalace. Wadda ta biyo na ce ina da jarrabawa. Duka biyun Baba ya riga ya sa riga da hula, yana zaune a bakin ƙofa da sandarsa tun kafin in fito. Sai ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ya koma ɗaki. Ban taɓa jin kunya irin ta waɗannan safiyoyin ba, amma kunyar ba ta sa na buɗe baki ba. Ana haka biza ta ƙare, aka sa jirgi ranar Litinin.

"Malam," ya ce, "ba zan bar ƙasar nan ban yi sallama da dattijo ba. In motar ba ta gyaru ba a ɗauki tasi."

Muka tafi. Duk hanya ina addu'ar Allah ya sa iska ta yi aikinta. Tun daga bakin kwarin ya tsaya yana kallon sawun tayar babbar mota. Ya je tulin kashi, ya ɗauki ɗaya ya murje, ya zama gari. Da muka iso dutsen tabarma na tsaya kamar kullum, kamar mutumin kirki. Bai tuɓe takalmi ba. Ya ce, "Taho."

A cikin rumfar iska ba ta shiga, rairayin yana nan yadda aka bar shi. A tsakiyar makwancin akwai wani baƙin tabo da ya bushe. Baba ya daɗe a sunkuye, sannan ya fara karantawa a hankali, kamar mai magana da kansa.

"A kwance aka same shi. Daga can aka harbo, ko tashi bai yi ba. Ta nan suka ja shi." Ya matsa gefe. "Amma sau biyu aka zo. Wanda ya harba bai san daji ba, dubi yadda yake taka ƙaya. Kawo shi aka yi. Zuwan farko su biyu ne, ɗaya mai ƙiba. Ɗayan kuma..."

Bakin sandarsa yana gefen wani sawu, dab da makwancin. Ƙafar hagu ce, ta karkata waje. Tun ina ɗan shekara tara da na faɗo daga tsamiya ƙafata ta hagu take haka. Shi ya goya ni zuwa wurin mai ɗori, shi ya riƙe ni ana ja ina ihu. In akwai sawun da ba zai ɓace masa ba a duniya, wannan ne.

Na buɗe baki. Bakin nan da ba ya rufuwa, ranar ko "a" bai fito ba.

Bai dube ni ba. Ya ɗaga ƙafarsa mai ciwon gwiwa ya sa a kan sawun ya share. Ya nemo na biyu ya share. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya har bakin dutsen tabarma, yana dogara sanda yana nishi, ya bar na Alhaji da na jan gawar inda suke. Da ya gama ya karkaɗe ƙafar wandonsa.

"Mu tafi," ya ce. "Kada wani ya zo ya karanta."

Ranar Litinin na raka shi Jidda. Ya sa min albarka, ya sa wa iyalina, ya ce in gode wa mai gida da ɗawainiya. Shekara biyu ya ƙara a duniya, muna waya duk Juma'a. Yakan tambayi karatu, ya tambayi zafi, ya tambayi tattabarun Harami. Sau nawa ina shirya maganar a raina, in ya ɗauka sai in tambaye shi gwiwa. Da ya zage ni a bakin dutsen nan da tuni na warke. Bai zage ni ba, bai kuma taɓa tayar da zancen ba. Sai dai tun daga ranar bai ƙara ce min Malam ba, da sunana yake kirana har ya rasu.