Fankar Maƙerin Sarandosa

Har yau ban manta da ranar da Umaru maƙeri ya shigo wurin aikinmu na Jega rungume da fankar tsohuwar mota ba. Shekara biyu ko uku ke nan da ƙirƙiro Jihar Kebbi, ni kuma ina ƙaramin ma'aikaci a sashen gyaran kayan lantarki, ƙarƙashin fomanmu Malam Bawa. Foman shi ne shugaban masu aikin hannu, ba a sayen ko dalma sai da yawunsa.

Umaru daga Sarandosa ya taso. Damina ta kusa, manoma sun tara masa aikin kalme da garma, ga shi mai yi masa zuga, wani tsoho Baba Tanko, kafaɗunsa sun gaji. A al'adarsu mazugi yana da kaso cikin duk abin da aka ƙera, kuma da wannan kason tsohon yake ci da gidansa. Umaru ya gwada haɗa fankar da batir kai tsaye, iskar ta watsa masa gawayi har cikin riga. Abin da yake so shi ne a riƙa rage iskar ana ƙarawa.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, dabarar ba wuya. Ana kunna wa fanka wuta ana kashewa da sauri sosai, yadda ido ba ya gani. In lokacin kunnawar ya fi tsawo ta yi gudu, in ya gajarta ta lafa, batir kuma ba ya ƙarewa a banza. Mai yin wannan kunnawa da kashewar shi ne aisi, ɗan baƙin abu mai ƙafafu kamar ƙwaro. To a wurin zaɓen aisin nan kaina ya fara ɗaurewa.

Mai sayar da kayan rediyo a kasuwar Jega ya zube mini iri biyu. Akwai mai ƙafa takwas, wanda muke kira biyar-biyar-biyar, kuɗinsa bai kai na kwanon tuwo ba. Akwai mai ƙafa sha shida, mai tsada, wanda in an haɗa shi daidai yake riƙe gudun fanka da kansa ko batir ya fara sanyi. Na ce masa wanne ya fi, ya ce duk wanda na saya shi ya fi. Na koma na gaya wa foman ni dai na fi karkata ga mai arhar, tunda aikin ƙarami ne.

“Arha ba ta ado,” in ji Malam Bawa. “Mutum yat taso tun daga Sarandosa, ka ba shi abin wasan yara? Sawo babban.”

Na sayo babban, na haɗa, na sa masa makunni mai hawa uku wanda maƙeri zai taɓa da hannunsa daga bakin uwar maƙera. Gaskiya aikin ya yi kyau, har na ji kaina ya ɗan kumbura. Umaru ya zo ranar kasuwa, ya kunna, ya tara hannu a iskar.

“Malam, wanga ba shi yi mani,” ya ce.

“Mi ag gare shi?”

“Lahiya tai lau. Ya dai cika wayo.”

Ya tafi abinsa. Na yini ina juya maganar. Na zaci ƙarar da fankar take yi ce ta dame shi, na canza kafasito, ɗan abin da ke daidaita saurin kunnawar, har ƙarar ta ɓace. Ya dawo ya ce ai bai ma ji wata ƙara ba. Na zaci tsada ce, foman ya ce a rage masa, Umaru ya ce shi bai yi kukan kuɗi ba. Malam Bawa ya fusata ya ce in rabu da shi, wanda bai san abin da yake so ba ba a iya masa. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, don na san ruwa na iya sauka kowace rana.

Don in huce haushi na koma kasuwa na sayo mai ƙafa takwas ɗin na haɗa shi da bolum na tsohuwar rediyo. Da Umaru ya sake zuwa na nuna masa, amma na gaya masa aibinsa tun da wuri: wannan ba ya riƙe gudu, da batir ya fara sanyi iskar za ta ragu, sai an zauna ana murɗa shi kamar mai neman tasha.

Sai na ga fuskarsa ta washe. “Sai da mutum kusa gare shi ke nan?”

“Sai da mutum.”

“To shi nika so. Ka sa mai waya mai tsawo, ka yi mai abin murɗawa babba, wanda hannu ka kamawa ba wahala.”

Na ce in wayar ta yi tsawo ai shi ba zai kai gare shi ba yana riƙe da awartaki. Ya ce in yi dai. Foman ya ce mun sayar da doki mun sayi jaki, amma ya sa hannu. Na fafe katako na yi abin murɗawar, ina yi ina tambayar kaina ko ni ne ban iya aikin ba.

Ni na kai kayan Sarandosa a bayan babur. Na ɗaure fankar a bakin bututun da zugazugi suke hurawa, na ja wayar. Umaru ya karɓe ta ya kai ta kan buzun da Baba Tanko yake zaune, ya ɗora masa katakon a cinya. Tsohon ya dubi abin, ya dube ni. Aka sa ƙarfe a wuta. Umaru bai buɗe baki ba tukuna, Baba Tanko ya murɗa, wutar ta tashi. Da ƙarfen ya yi ja yadda ake so ya sassauta. Can ya ce, “Yaro, wagga aba tana da gardama, sai an lallaɓa ta.” Na ce haka take, Baba.

Da Umaru ya rako ni bakin hanya na ce masa ai da ya gaya mini tun farko, da ban sha wannan wahalar ba.

“In hwaɗi mi? Shi yay yi ma ubana zuga. In na ba shi kyauta ba shi amsa, in injin na yin aikin shi kaɗai kau gida za shi zamna.”

Na hau babur na kama hanyar Jega. Tun daga ranar, in an kawo mini aiki, kafin in tambayi ƙarfin batir nakan tambayi wa zai riƙe abin, da kuma wa yake yin aikin a da. Ku ma masu tasowa ku riƙa tambaya, don mutanenmu ba kowace bukata suke faɗa da baki ba. Baba Tanko ya ci kasonsa a maƙerar nan har damina huɗu, kuma ranar da ya rasu daga wurin aiki ya koma gida.